Yadda Rokar Amusa Ta Kai Bukuru

Amusa gyaran keke yake yi a unguwar Ali Kazaure, amma in ka kira shi mai gyaran keke ba zai waiwayo ba. Injiniya yake amsawa. Iyayensa daga Ogbomosho suka zo, shi kuwa a Jos aka yanke masa cibiya, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, har ma ta fi ta kowa yawa. Asalin injiniyancin nasa, ya taɓa yin 'yan watanni a wani kamfanin kuza wajen Barikin Ladi yana miƙa wa wani Bature sufana. Tun daga nan babu injin da bai san ciwonsa ba. In jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha, sai Amusa ya ɗago kai daga tayar da yake wa faci, ya kasa kunne, ya ce wannan tukunyarsa na yoyo. In jirgin sama ya gifta, ya bi shi da kallo ya ce direban sabon hannu ne. Keken da ya gyara kuwa, yakan koma gida da tsohuwar cutarsa, ya ƙaro sabuwa. Duk da haka rumfarsa ba ta rabuwa da mutane, don hirarsa ta fi gyaransa daɗi.

A ƙarshen daminar 1958 labari ya bazu cewa Alhaji Moruf, wanda ya fi kowa tarin katako a kasuwar Katako, ya yi odar injin tsaga itace daga Ikko, yana neman wanda zai riƙe masa shi. Aiki ne na albashi, har da ɗaki a bayan shago. Amusa ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi. Ya zauna ya zayyana wa Alhaji yadda injin yake ciki da waje, alhali injin bai ma sauka daga jirgi ba. Alhaji Moruf mutum ne mai ƙarancin magana. Ya bar shi har ya gaji don kansa, sannan ya ce, "Amusa, bakinka na sani, hannunka ne ban sani ba. Haɗa wani abu da hannunka, ya yi aiki a gabana, in ba ka injin."

Cikin makon nan matarsa Nimota ta aike shi gwanjon wani Baturen kuza da zai koma gida, ya sayo mata risho, don ta gaji da hayaƙin ɗanyen itace. Amusa ya je, ya ga rishon, har ya ɗaga shi ya duba ƙasansa. Sai idonsa ya faɗa kan wani dogon kwali mai hoton wani abu kamar taɓarya, wuta na fita ta gindinsa, yana tunkarar wata. Lokacin kuwa ko'ina ka zauna zancen ke nan, wai Rasha ta harba wani abu sama yana kewaya duniya, har da kare a cikin na biyu. Akawun gwanjon, wani mai suna Sylvester, ya gaya masa roka ce ta wasa, Baturen ya yo wa ɗansa odarta daga Amurka, kafin ta iso yaron ya tafi makaranta. Ya ce akwai takardar yadda ake haɗawa a ciki, in Amusa na so ya karanta masa ya fassara. Amusa ya yi dariya, ya ce takarda ta 'yan koyo ce. Ya rungumi kwalin ya kamo hanya.

Nimota na tsakar gida tana fifita wuta, idonta ya yi ja. Ta dubi kwalin, ta dubi hannunsa ɗaya, ta dubi ɗayan.

"Baba Lukuman, ina rishon?"

"Iya Lukuman, ke kina maganar shinkafa, ni ina maganar wata."

"Watan ne zai dafa mana shinkafar?"

Ya ce in aikin Alhaji ya samu, risho biyu zai saya mata, ɗaya na miya ɗaya na tuwo. Ta ce ta ji, amma yanzu itacen nan ya ƙi kamawa. Amusa ya buɗe kwalin, ya zaro takardar da ke sama, ya miƙa mata. Ta cusa ta a murhu, wuta ta kama nan take. Ya ce ta gani, tun ba a haɗa rokar ba ta fara amfani.

Ya shimfiɗa tabarma ya zazzage kayan. Akwai bututun kwali mai tsawon kamu guda da 'yan kai, da wani ɗan katako mai tsini wanda shi ne hancin, da fukafukai na wani irin itace mara nauyi, da gam, da 'yar laima ta jan ƙyalle mai zare a gefe, da doguwar sandar ƙarfe siririya, da wasu abubuwa guda uku kamar batir, kowanne da lagwaninsa. Waɗannan su ne injin.

Maƙwabcinsa Hammajoda, dillalin shanu, katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma katangar ba ta wuce ƙirji ba. Ya jingina a kai yana cin goro, ya nemi a miƙo masa fiffike ɗaya ya gani. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya hura, fiffiken ya tashi ya faɗa cikin kwandon wanke-wanke. Ya tambaya, cikin ladabi, ko da wannan za a je wata. Kunya ta kama Amusa, ya rufe ta da faɗa. Ya ce shi ma abin da ya lura ke nan, Turawa sun yi rowar katako, kuma dalilin da ya sa Baturen ya kasa haɗawa ke nan. Shi da maɗaci zai yi nasa, irin wanda ake ƙofar gidan masu kuɗi da shi.

Washegari ya tafi Katako neman guntayen maɗaci, bai bar rumfar da bai tsaya ba. A rumfar farko rokar za ta wuce tsaunin Shere. A ta tsakiya ta huda gajimare. Kafin ya kai bakin titi ta sauka a wata, ta juyo. Wani kafinta ya tambaye shi ko shi ma yana ciki, ya ce ba a tafiyar farko ba, bai gama kujera ba tukuna. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta roƙe shi ya bar watan nan inda yake, da shi suke ganin hanyar rijiya. Ya yi mata alkawarin ba zai taɓa shi da ƙarfi ba.

Fukafukan da aka yanko masa, kowanne ya kai kaurin tafin hannu. Gam ɗin Bature ya ƙi riƙe su. Amusa ya ce dama ya sani, wannan ruwa ne kawai aka ɗura a bututu. Ya samo danƙon fata wurin masu haɗa kujeru, ya jira Nimota ta tafi kasuwa, ya ɗora shi a tukunyar miyarta. Da ya rasa abin motsawa sai ya ɗauki sandar ƙarfen nan, ya ce ai don haka aka sako ta. Kafin danƙon ya narke wari ya cika unguwar. Jummare matar Hammajoda, wadda ke sayar da nono a ƙofar gida, ta ga masu saye na zuwa su toshe hanci su wuce. Ta leƙo ta katanga ta tambaya ko wani abu ne ya mutu a gidan. Amusa ya ce ƙanshin ilimi ne, sai wanda ya saba. Ta ce to ilimin ya shiga ƙwaryarta, kuma shi zai shanye nonon.

Nimota ta dawo ta tarar da tukunyarta. Ta ture ta gefe. Ta ɗauki murfin kwalin ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta nuna masa cewa a nan rokar a jikin sandar ƙarfe take tsaye, kamar sandar ce ke nuna mata hanya. Amusa ya dubi sandar, ta lanƙwashe, danƙo ya daskare a jikinta. Ya ce mai zanen ne ya manta ya goge layin da ya ja da rula.

Yana cikin manna hanci aka yi sallama. Alhaji Moruf ne, ya biyo ya ga inda aka kwana. Amusa ya yi wuf zai ajiye hancin, hancin ya ƙi ajiyuwa. Danƙon ya kama tafin hannunsa na dama, ya riƙe. Ya yarfa, ya taka da ƙafa ya ja, ba labari. Ya cusa hannun cikin riga ya fita. Alhaji ya miƙo hannu. Amusa ya rusuna ƙasa sosai, wai girmamawa, ko Alhaji zai haƙura. Alhaji bai janye ba. Dole ya fito da hannun, Alhaji ya tsinci kansa yana gaisawa da katako mai tsini. Amusa ya bayyana masa cewa haka ake gwada danƙo a kamfani, sai ya ji ɗumin jikin mutum kafin a san ƙarfinsa. Alhaji ya gyaɗa kai, ya tambayi lafiyar iyali, ya tafi. Da ruwan zafi Nimota ta raba shi da hancin, kuma ba ta tausaya wurin ja ba. Fatar tafinsa kaɗan ta bi katakon.

Da jikin rokar ya haɗu, ta yi nauyin muciyar gidan biki. Fukafukan ba su daidaita ba, ɗaya ya kalli gabas, ɗaya ya ɗan sunkuya, amma Amusa ya ce da gangan ne, don ta riƙa juyawa tana kallon gari. Ya shafe ta da koren fentin keke. Saura inji. Ya ce injiniyan kirki ba ya ɗaura injin da bai ji muryarsa ba, don haka zai gwada ɗaya. Ya jefa shi cikin turmi da hantsi, ya kunna lagwanin, ya ja da baya taku kaɗan yana murmushi. Hammajoda da Jummare na kan katanga, wasu maƙwabta sun cika zaure.

Abin ya yi tsaki, ya yi tsalle ya fice daga turmin. Ya daki randa, ya koma ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya tarwatsa kaji, ya zagaya tsakar gidan yana feshin wuta. Masu zaure suka yi waje a guje suna tattake juna. Kan Hammajoda ya nutse bayan katanga. Can abin ya faɗi gindin bango ya yi shiru, wani siririn hayaƙi na fita daga bakinsa. Amusa ya fito daga bayan turmi, ya kaɗe riga, ya tako a hankali. Ya kira mutane su dawo, ya ce ya gama, shi ya san lokacin da inji ke gamawa. Ya sunkuya ya kai fuska don ya leƙa cikinsa. Ashe irin wannan injin yana da saura, wata 'yar fashewa da ke zuwa daga baya don ta turo laima waje. Ta tashi a fuskarsa, fau.

Da hayaƙin ya washe, girarsa ta hagu babu, rabin gashin bakinsa ma babu. Hammajoda ya ɗago kai a hankali, ya ƙare masa kallo.

"Injiniya, ka ji muryar tasa?"

"Na ji. Lafiyarsa ƙalau."

"To madalla. Shi ma da alama ya ji taka."

Kafin azahar maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa, aka yanke cewa Amusa ba zai ƙara kunna ko ashana da sunan roka a cikin gari ba. Ya nemi filin bayan Katako, masu katako suka ce in ya matso da ita kusa da kayansu, shi za su fara tsagawa kafin injin ya iso. Alhaji Moruf ne ya raba gardama. Ya ce ranar Lahadi motarsa ba ta aiki, zai kwashi duk mai son gani zuwa filin da ke gaba da Daɗin Kowa, inda babu rufin kowa. Hammajoda ya ce a can shanunsa ke kiwo, cikinsu har da wani farin bijimi da ya riga ya yi wa wani mahauci alkawarinsa. Amusa ya ce kada ya damu, rokar sama za ta, sai in shanun nasa tashi suke yi.

Saura matsala ɗaya. Ko shi Amusa ya ga 'yar laimar nan ba za ta iya sauko da wannan nauyi ba. Ya duba gidan kaf bai ga ƙyallen da ya yi masa ba, sai a ƙasan akwatin Nimota: ɗankwalin siliki ja mai zaren zinariya, wanda ta saya ta ɓoye don bikin ƙanwarta Kuburat, ko sau ɗaya ba ta ɗaura ba. Ya yi lissafin cewa zai je sama ya dawo kafin ta buɗe akwatin, kuma in ta ji inda ɗankwalinta ya je, ita da kanta za ta gode masa. Ya ƙulla zare a kusurwoyinsa, ya tura shi cikin bututun da gindin cokali, ya toshe da hanci. Injin biyun da suka rage kuwa ya haɗe su ya ɗaure a gindi da robar tayar keke, don a ganinsa abin da ɗaya zai yi, biyu sun fi.

Ranar Lahadi gari ya waye garau, ciyawa kore shar, iska mai sanyi na kaɗawa daga duwatsu. Motar Alhaji ta cika har kan rufi. Mutanen Daɗin Kowa suka fito, matan da ke dawowa daga coci suka tsaya da 'ya'yansu a baya, masu rake da masu ƙosai suka ga taro suka kafa kasuwa. Nimota ta zo, ta tsaya gefe da Jummare, hannu a ƙirji. Hammajoda ya ce zai kora shanunsa nesa, amma son gani ya hana shi, ya tsayar da su a gangaren da ke bayan taron. An kawo wa Alhaji kujera, ya zauna a gaba cikin farar babbar riga.

Amusa ya aske sauran gashin bakin, ya zana girar da ta ƙone da gawayi. Ya kafa rokar a ƙasa kan fukafukanta, ta ɗan karkace, ya tura mata dutse. Sannan ya yi jawabi. Ya yi da Hausa, ya maimaita da Yarbanci, ya ƙara da ɗan Turancin da ya tsinta a kamfani. Ya ce yau Jos za ta shiga rediyo. Ya gargaɗi kowa ya riƙe hularsa, ya kafa ido sama, don wanda ya ƙifta ba zai ga komai ba. Taron nan kaf ya ɗaga kai.

Iska ta kashe masa ashana ta farko da ta biyu da sauran. Sai da mai ƙosai ta ba shi garwashi a kan marfin gwangwani. Ya dangwala wa lagwanin, ya ga ya kama, ya juya da gudu. Tunawa da girarsa ta ƙara masa sauri. Ƙafarsa ta harɗe da rigarsa, ya kife rub da ciki cikin ciyawa, ya rufe kai da hannu biyu.

Inji ɗaya ne ya fara kamawa. Rokar ta yi tsaki, ta girgiza, ta ɗaga da ƙyar har daidai ƙugun mutum, ta tsaya nan kamar mai shawara. Sai ta kwanta a iska ta miƙe ta nufi taro. Kowa na kallon sama, in ban da Alhaji Moruf, wanda tun farko bai ɗauke ido daga kanta ba. Shi kaɗai ya ga tana zuwa. Dattijon da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ya daka tsalle ya buɗe ƙafafu, rokar ta bi ta tsakaninsu, ta huda babbar rigar gaba da baya, ta kifar da kujerar. Nan inji na biyu ya kama. Ta ƙara wuta, ta daki ƙofar mota ta karkata, ta bi ta kan tiren mai rake, ta gangara wajen shanu tana tafe tana taɓa ƙasa. Sai a lokacin mutane suka sauke kai, kowa ya nemi hanya. Wanda ya faɗa kan wani bai tsaya ba da haƙuri ba.

A gaban farin bijimin nan ƙarfinta ya ƙare. Ta dungura, ta yi fau, hancin ya fice, jan siliki ya buɗe a iska yana walƙiya, ya sauko a hankali ya rufe ƙahonin bijimin da rabin fuskarsa. Bijimin ya girgiza kai, zaren ya naɗe a ƙaho, rokar ta yi lilo ta daki tozonsa da zafinta. Ya yi wani irin kuka, ya ɗaga wutsiya, ya yanki daji. Sauran shanun suka watse, wasu suka ratsa ta cikin taro, kaskon ƙosai ya kife.

Duk wannan Amusa bai gani ba. Ya ji ihu, ya ɗauka na murna ne. Ya tashi, ya dubi inda ya kafa rokar, babu ita, sai baƙin tabo a ciyawa. Ya kare ido da hannu ya dubi sama. Babu komai sai shuɗi da wata shirwa. Ya buɗe hannuwa, ya juyo wurin mutane cike da murna.

"Kun gani? Ta ɓace. Ko ni ban zaci za ta yi wannan sauri ba. Alhaji, yanzu haka ta wuce gajimare."

Wasu na tashi daga ƙasa, wasu na neman takalma. Alhaji Moruf na tsaye, Jummare ta juye masa ƙwaryar ruwa a riga, hayaƙi na tashi daga wata ƙofa da ta isa kan yaro ya shiga. Sai muryar Nimota ta fito daga gefe, a kwance, ba ta ko ɗaga ta ba.

"Baba Lukuman, ɗankwalin wa ke kan bijimin can?"

Amusa ya bi yatsanta da kallo. Can nesa, kan tudu, wani farin abu na gudu da jan abu a ka, wani koren abu na bin gefensa yana tsalle. Ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa bai sami abin sawa a ciki ba. Wani ya fara dariya a bayan mota, ta kama na kusa da shi, ta bi taron nan kaf har matan coci, har mai ƙosan da aka yi wa ɓarna tana dariya tana share hawaye. Gumi ya wanke girar gawayin ta gangaro masa a kunci.

Ya matsa wurin Alhaji, ya fara bayanin cewa iskar Daɗin Kowa ce ba ta da kyau, da a Barikin Ladi ne da yanzu wani zance ake. Alhaji ya ɗaga rigarsa, ya leƙa Amusa ta cikin hudar.

"Na ce ya yi aiki a gabana, Amusa. Ban ce ya yi aiki a kaina ba."

Ya ce injinsa haƙora gare shi, kuma yana son ma'aikatansa su riƙa komawa gida da yatsunsu cif. Gobe zai aika a kira wani fita, makanikin inji da ya bar reluwe. Ya hau gaban mota. Nimota ta hau baya, ta gaya wa mijinta, yadda kowa zai ji, cewa ƙofar gidan a buɗe take ga duk wanda ya zo da ɗankwali. Amusa ya kai ƙafa zai taka taya ya hau, ya ji an riƙe masa wuyan hannu. Hammajoda ne. Ya bar wa makiyayinsa tattara sauran shanun, ya ce shi da Injiniya suna da tafiya.

Suka bi sawu. Suka ratsa gonakin acca, suka tsallake rafi, suka hau duwatsu suka sauka. Duk wanda suka tambaya ya gani, kuma kowa da yadda ya gani. Wata mata ta ce ta ga sa da ɗankwali kamar mai zuwa biki. Wani manomi ya ce shi bai tsaya ya duba ba, bishiya ya hau. A kan ƙaya suka tsinci fiffike ɗaya, gaba kaɗan suka tsinci wani. Takalmin Amusa ya tsinke, ya rataya shi a wuya. Tun yana cewa bijimin ne ya shiga hanyar roka, har ya daina magana. Hammajoda kuwa, in ya ga ya rage sauri, sai ya waiwayo ya dube shi.

La'asar ta yi sanyi suka shiga Bukuru. A bakin wani tafkin da masu haƙar kuza suka bari suka hango taro. Bijimin na tsakiya, ya sha ruwa ya ƙoshi, yana tuƙa abinsa kamar ba shi ba. Ɗankwalin na nan a ƙaho, ya zama tsumma, ƙuna a nan, yaga a can, taɓo ya rufe zinariyar. Abin da ya rage na rokar na rataye a wuyansa, bututu a murɗe da fiffike guda. Mutane sun kewaye shi suna gardama. Wasu sun ce asiri ne aka yi wa mai shi, wasu sun ce sabuwar alamar allurar shanu ce ta gwamnati.

Hammajoda ya kutsa, ya yi wa bijimin magana da Fulatanci, ya shafa wuyansa, ya duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ban da ɗan tabo a tozo, lafiyarsa lau. Ya kwance tsumman da rokar ya miƙa wa Amusa, wanda ya zube kan dutse yana duba ƙafarsa da ta kumbura. Wani dattijo mai hular ma'aikatan kuza ya matso, ya tambaye shi ko ya san mene ne wannan.

Amusa ya dubi abin da ke hannunsa. Ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, babu ko ɗaya da ya sani, babu wanda ya je Daɗin Kowa. Ya gyara zama. Ya goge fiffiken da gefen riga.

"Roka ce, Baba. Ni na haɗa ta da hannuna. Da hantsin nan muka harba ta daga Daɗin Kowa."

"Daga Daɗin Kowa? Ta iso har nan?"

"Ga ta kuwa kana gani. Tashin farko ke nan, ban ma sa mata duka ƙarfinta ba."

Taron ya matso. Dattijon ya juya wurin Hammajoda, ganin shi ne mai bijimin, ya tambaye shi ko gaskiya ne. Hammajoda ya gama ɗaura igiya a ƙahon bijiminsa, ya ja ƙullin ya tabbatar ya kama.

"Gaskiya ne, Baba, ta iso," in ji shi. "Da ƙafa huɗu."